Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Rubutun Turanci Shekaru Yake Ci

A taron iyaye da malamai da aka yi a wata makaranta da ke nan yankin Gesse a ƙarshen zangon da ya gabata, wani dattijo ya miƙe riƙe da littattafan rubutu guda uku na 'yarsa, waɗanda mahaifiyarta ta adana a ƙasan akwati. Na farko na aji ɗaya na ƙaramar sakandare ne, na biyu na aji uku, na ukun kuwa na shekarar da take ciki, wato aji biyu na babbar sakandare. Ya buɗe na farko ya nuna wa jama'a: insha'in Turanci layi shida, tsaf, babu ɗigon jan biro sai alamar yabo. Ya buɗe na biyu: shafi guda cur, ja ko'ina. Sai ya dubi malamar Turanci ya ce, "Malama, a gafarce ni, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ido ba mudu ba ya san kima. Yarinyar nan gaba take yi ko baya?"

Malamar ba ta ja da shi ba. Ta roƙi a kira yarinyar ta karanta abin da ke cikin littattafan, ta kuma fassara wa mahaifinta. Ashe layuka shidan nan na farko ba nata ba ne. Jimloli ne a kan makaranta da aka rubuta a allo, ita da 'yan ajinsu suka kwafa, suka haddace, suka mayar wa malami ranar gwaji. Shafin da ya sha ja kuwa labarin daren da ruwa ya cinye gonarsu ta shinkafa a fadama ne, da yadda aka kwashe abin da ya rage a kwalekwale. Babu wanda ya ba ta ko kalma ɗaya. Ita ta nemo su, inda ta rasa ta ƙaga. Na ukun wasiƙa ce shafi ɗaya da rabi, mai sakin layi huɗu, kowanne da maganarsa, jan da ke ciki kuma bai kai rabin na baya ba. Dattijon ya gamsu ya zauna. Mu kuwa muna ganin tambayarsa ta cancanci amsa mai tsawo, domin ita ce tambayar iyaye da yawa daga Birnin Kebbi har Argungu, kuma ita ce wadda wasu daga cikinmu ke yi wa kansu da dare idan sun tasa tarin littattafai a gaba.

Amsarmu ita ce gaba take yi, kuma shafin da ya fi shan ja shi ne shaidar farko. Masu nazarin yadda ake koyon harshe na biyu sun saba auna rubutun ɗalibi da ma'auni uku: yawan abin da yake iya rubutawa cikin lokacin da aka ba shi, zurfin ginin jimlolinsa, da kuma daidaituwar nahawunsa da ƙa'idojin rubutunsa. Abin da ya kamata kowane malami da kowane uba ya riƙe shi ne waɗannan uku ba sa girma tare. Hankalin ɗalibi ba ya iya ɗaukar su duka a lokaci guda. Ranar da ya fara haɗa jimla biyu da "domin" ko "ko da yake" na Turanci, hankalinsa ya tafi wurin ƙulla su, sai ƙarshen aikatau da ya iya jiya ya suɓuce masa. Wanda bai duba komai ba sai yawan kurakurai zai ce yaro ya lalace, alhali kuwa ya hau mataki ne.

Wannan ba ciwon 'ya'yanmu kaɗai ba ne. Sin na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu koyon Turanci a makaranta. Tun 2001 hukumomin ilimi na can suka umarci a fara koyar da shi daga aji uku na firamare, kuma a babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a, wadda suke kira Gaokao, harshen waje na ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna. Saboda haka an yi nazari mai yawa a kan rubutun Sinawa masu koyon Turanci. A 2006 Farfesa Diane Larsen-Freeman ta Jami'ar Michigan a Amurka ta wallafa wani bincike a kan mata biyar Sinawa, waɗanda ta sa kowacce ta rubuta labari guda daga rayuwarta sau huɗu cikin wata shida. Da aka haɗa su aka raba, sai aka ga ci gaba ta kowane ɓangare. Da aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kuwa, sai aka tarar kowacce da hanyarta: wata rubutunta ya ƙara tsawo nahawunta ya tsaya, wata ta ƙaru da kalmomi, wata ta hau ta sauko ta sake hawa. Mutum biyar ba su isa a kafa doka da su ba, amma duk malamin da ya taɓa riƙe aji shekara guda ya ga irin wannan da idonsa.

Dalilin saukowar nan sananne ne. Yaro kan fara rubuta "went" daidai saboda ya haddace ta kamar yadda ya ji ta. Bayan an koya masa cewa ana nuna shuɗaɗɗen lokaci da ƙara "ed", sai a wayi gari ya rubuta "goed". Wannan kuskure ne na wanda ya gano doka, yake kuma ɗora ta ko'ina. Zai ɗauki lokaci kafin ya san inda ba ta shiga, sannan ya komo ga "went", amma yanzu da sani. Manoman shinkafa na fadamar Rima sun san irin wannan a dashe: irin da aka cire daga rainonsa yakan yi laushi ya ɗan rawaya kwanaki kafin saiwarsa ta kama, kuma babu manomin da ke tuge shi don ya ga ya lanƙwashe.

Akwai kuma kurakuran da tushensu harshenmu ne, waɗanda ya kamata mu daina ɗauka a matsayin daƙiƙanci. Hausa tana nuna lokaci a jikin wakilin suna: ya zo, zai zo, yakan zo, aikatau bai motsa ba. Turanci kuwa a jikin aikatau yake ɗora kayan, shi ya sa ɗanmu ke mance ƙarshen kalma. Muna cewa "Musa ya zo", sai yaro ya rubuta "Musa he came". A wurinmu mota mace ce, littafi namiji, sai ya kira mota "she". Ba mu rarrabe "p" da "f", sai su cakuɗe masa a takarda. Rubutun Hausa na bin lafazi kusan harafi da harafi, na Turanci kuwa ba ya bi. Ɗan Sin ma da nasa: aikatau a harshensa ba ya sauyawa da lokaci, babu kwatankwacin "a" da "the", kuma "shi" da "ita" sauti ɗaya ne a bakinsa. Irin waɗannan kurakurai su ne mafi jinkirin fita, har a wurin ɗaliban jami'a. Malamin da ya san asalinsu zai aza jimlar Hausa kusa da ta Turanci a allo ya nuna inda suka rabu, wanda ya fi a ja layi a ƙarƙashinsu sau ɗari.

Shekara nawa ke nan ake bukata? Jim Cummins, masanin ilimi a Kanada, ya duba sakamakon 'ya'yan baƙi da suka shiga makarantun Toronto, ya nuna cewa yaro na iya kama Turancin hira cikin shekara biyu ko kusa da haka, amma Turancin karatu da rubutu na ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo 'yan ajinsa. Waɗannan yara ne da ke jin Turanci a titi da kanti da filin wasa. Namu na Gesse da Badariya da ƙauyukan Argungu, da yawansu ba sa jin sa sai a aji, ajin ma sai malami ya ga dama. Daga aji huɗu na firamare zuwa aji uku na babbar sakandare shekara tara ce. Ta isa, amma babu rarar da za a zubar. Ga hutun dole irin na annobar korona a 2020, ga lokacin shuka da girbi da ke ɗauke yara makonni, ga ambaliya. Duk shekarar da yaro bai rubuta komai daga kansa ba, ba a rama ta da darasin yamma na wata uku kafin jarrabawa. Masuncin da zai shiga Matan Fada ranar bikin kamun kifi tun da wuri yake gyara homarsa da gorarsa.

A nan ne maganar harshen koyarwa ta shigo. Manufar ilimi ta ƙasa, tun daga 1977, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a miƙa wannan zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana soke manufar da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Ba za mu warware wannan muhawara a shafi guda ba. Amma muna tunatar da abin da aka gwada a ƙasar nan: shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussa da Yarbanci, aka koyar da Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Hikimar a fili take. Sanin yadda ake buɗe magana, a jera hujja, a raba sakin layi, a rufe, sau ɗaya ake koyonsa, sannan a ɗauke shi zuwa kowane harshe. Yaron da bai taɓa rubuta shafi guda da Hausa ba, nauyi biyu muke ɗora masa ranar da muka ce ya rubuta da Turanci: ya koyi tunani a takarda, ya kuma koyi baƙon harshe. Ko da wane harshe aka ce a koyar da lissafi, darasin Hausa yana nan a jadawali, kuma babu dokar da ta hana a yi insha'i a cikinsa.

Mu mutanen wannan kwari ba baƙi ba ne ga rubutu da harshen da ba a tsotsa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma yake kwance a Gwandu, ba da Larabci aka yaye shi ba, amma ya kai ga rubuta tafsirin Liya'ut Ta'wili da manyan littattafai a kan nahawu da sarfun Larabci. Shi da kansa ya bar mana littafin da ya jera malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu, wanda duk mai duba shi zai ga aikin shekaru ne. Makarantar allo ma ba ta taɓa tsallake mataki ba: babbaƙu, sannan farfaru, sannan haɗa kalmomi, ana rubutawa ana wankewa kullum har hannu ya faɗa. A ɓangaren boko, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa kansu suka yaba wa Turancinsa, ya yi shekara biyar a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, kuma littafin da ya fara fitar da sunansa, Shaihu Umar, da Hausa ya rubuta shi. Malamin makaranta ne kamarmu, kuma ƙwarewarsa a harshe ɗaya ba ta rage masa komai a ɗayan ba.

To, me jarrabawar ƙarshe ke nema? A takardar Turanci ta WAEC ana son insha'i mai kimanin kalma 450, kuma makinsa 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Ma'ana, kuskure 20 ya cinye goman nan, amma 40 na nan ga wanda ke da abin faɗa, ya iya tsara shi, yake kuma da kalmomin faɗarsa. Yaron da muka tsorata da jan biro har ya koma rubuta gajerun jimloli shida marasa aibi ya tsare goma ya zubar da arba'in. Kuma ba ƙaramin abu ke rataye a nan ba: babu kiredit a Turanci, babu shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Aliero, ko da yaro ya fi kowa lissafi. Daga wannan tsoro ne haddar insha'i ke fitowa, daga nan kuma a gangara zuwa satar amsa da cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro. Uban da ya sayar da buhun shinkafa ya sayi kiredit bai sayi iya rubutu ba. Ranar da aka ce ɗansa ya rubuta takardar neman aiki, abin zai fito.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka bari mu fara da kanmu. A ajujuwanmu da yawa, abin da muke kira rubutu kwafe ne: malami ya cika allo, yara su cika littafi, a kaɗa ƙararrawa. Yaro na iya gama zango da littafi cike alhali bai ƙaga jimla goma ba. Muna ba da insha'i sau ɗaya ko biyu a zango, a kan take ɗaya da muke maimaitawa tun muna ɗalibai. Muna mayar da takarda da maki da ja, ba tare da ce wa yaro ya sake rubutawa ba, alhali a sakewar ne koyon yake. Wasunmu na karanta kuskuren ɗalibi a gaban aji don a yi dariya, wasu na cin tarar wanda ya yi Hausa. Mun kuma bar rubutu a wuyan malamin Turanci shi kaɗai, kamar malamin tarihi da na aikin gona ba sa bukatar ɗalibin da zai bayyana abu a sakin layi guda. Kuma idan shekara ta ƙare, littafin yaro ya tafi wurin mai ƙosai, malamin aji na gaba ya fara daga duhu, bai san inda aka tsaya ba.

Amma adalci ne a faɗi dalilin da ya sa malami nagari ma ke gudun insha'i. A ɗauki misali da malamin da ke da aji huɗu, kowanne da ɗalibi 80, adadin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na cikin gari. Insha'i ɗaya ya zama takarda 320. In ya ba kowace minti biyar kacal, ya ci minti 1,600, wato awa 26 da minti 40, bayan awoyin koyarwa, sau da yawa da fitilar waya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare, 40 a sakandare. Da an bi wannan, aikin ya ragu da rabi. Wanda duk ke tambayar abin da ya sa yaranmu ba su iya rubutu ba, ya fara da wannan lissafi.

Kafin a rage yawan ɗalibai, akwai sauƙin da binciken masana ya kawo mana. A 1996 John Truscott, malamin Turanci a wata jami'a a Taiwan, ya tayar da ƙura da cewa gyaran nahawu a rubutun ɗalibai ba ya haifar da ɗa mai ido, gara a bar shi. Dana Ferris ta Amurka ta mayar masa da martani a 1999, aka kuma shafe shekaru ana gwaje-gwaje. Inda yawancin masu binciken suka karkata shi ne gyara na da amfani idan an taƙaita shi ga nau'in kuskure ɗaya ko biyu a lokaci guda, aka kuma sa ɗalibi ya gyara da hannunsa. Ashe malamin da ya kwana yana jan layi a ƙarƙashin kowace kalma ya wahalar da kansa, ya kuma karya zuciyar yaro, ribar ba ta kai wahalar ba.

Sinawa sun gwada wasu dabaru biyu da ba sa cin kuɗi. Farfesa Wang Chuming na jami'ar nazarin harsunan waje da ke Guangzhou, birnin da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya, ya fito tun wajen 2000 da tsarin ƙarfafa wa ɗalibai su rubuta da tsawo gwargwadon iyawarsu, malami ya riƙa nuna jimlolin da suka yi kyau maimakon farautar kurakurai, domin tsoro ya fita, harshe ya saki. Daga baya ya yaɗa dabara ta biyu: a ba ɗalibi labari ya karanta, a yanke ƙarshensa, a ce ya ƙarasa. Mai ƙarasawa dole ya koma ga labarin ya ari kalmominsa da ginin jimlolinsa, sai karatu ya shayar da rubutu. Lardin Zhejiang ya shigar da wannan cikin Gaokao daga 2016. Ba mu ce a kwaso tsarin Sin a juye a Kebbi ba. Suna da littattafai da ɗakunan karatu da ba mu da su. Amma labarin da aka yanke wa ƙarshe bai fi ƙarfin alli da allo ba, kuma tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da aka mayar Turanci mai sauƙi ta isa a fara da ita.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa malamai na wannan reshe da mu ɗauki abu huɗu daga zango mai zuwa. Na farko, kowane ɗalibi daga aji huɗu na firamare ya mallaki littafin insha'i na musamman, a riƙa sa kwanan wata a kan kowane rubutu, a ajiye shi a makaranta, ya bi yaro daga aji zuwa aji, in ya cika a ɗinka masa wani. Na biyu, a yi rubutu daga kai sau ɗaya a mako, ko na minti 15 ne, a kan abin da yaro ya sani: ranar kasuwa, sussukar shinkafa, bikin suna, tafiya Argungu. Mako goma a zango ya ba da rubutu 30 a shekara, 270 a shekara tara. Na uku, kada malami ya ɗora wa kansa duba duka: ya ɗauki rubu'in aji kowane mako, ya bayyana tun farko kuskuren da zai duba, ya ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya mai kyau, sauran kuma su yi musayar littafi su karanta wa juna. Na huɗu, a farkon kowace shekara da ƙarshenta a ba da take iri ɗaya, a aza rubutun biyu gefe da gefe, yaro ya ga tafiyarsa da idonsa. Malaman Hausa da na Turanci su zauna su daidaita takensu, yadda abin da aka rubuta da Hausa a wannan mako za a sake gwada shi da Turanci a na gaba.

Iyaye, ku ma da naku kason, kuma ba sai kun iya Turanci ba. Ku yi abin da mahaifiyar yarinyar nan ta yi: ku adana littattafan 'ya'yanku. Idan yaro ya dawo, ku ce ya karanta muku abin da ya rubuta ya faɗa muku ma'anarsa da Hausa. In ya kasa fassarawa, to kwafe ya yi ko hadda. Kada ku auna shi da yawan ja kawai, ku duba ko rubutun ya ƙara tsawo, ko maganar tasa ce. Ku sa shi ya rubuta muku lissafin gona, ko saƙo zuwa ga ɗan uwa da ke Sakkwato ko Legas, ko labarin da kakarsa ta ba shi. Ku bar wa 'ya mace rabin awa da haske bayan aikin gida. Kuɗin da za a kai cibiyar satar amsa a shekarar ƙarshe, da an sayi littattafan labari da shi tun yaro na firamare, da ya ishi gida duka.

Ga hukumomi kuwa, wato Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, buƙatunmu a kan wannan batu ƙayyadaddu ne. A ɗauki ƙarin malaman harshe, a tura su inda ajujuwa suka fi cunkoso. A rage wa malamin Turanci da na Hausa yawan darussa a mako, a ƙidaya duba rubutu cikin aikinsu. A sa akwatin littattafan karatu masu sauƙi a kowane aji, domin wanda bai karanta ba ba shi da inda zai ɗebo abin rubutawa. Jami'an da ke zagayen duba makarantu su riƙa neman littafin insha'in ɗalibi, ba littafin shirin darasi kaɗai ba. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda ta yaye da yawa daga cikinmu, ta sa ɗalibanta su riƙa rubutu da kansu kowane mako, domin wanda ba ya rubutu ba zai koyar da shi ba. Masananta kuma su bi sawun rubutun yaran Kebbi shekara da shekaru kamar yadda aka bi na Sinawa. Gwamnan jiharmu, Nasir Idris, ya taɓa shugabantar Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, don haka ba ya bukatar a fassara masa abin da takarda 320 ke nufi a kan teburin malami.

Yarinyar da aka kawo littattafanta saura mata shekara guda ta zauna jarrabawa, kuma babu wanda zai iya ba da tabbacin sakamakonta. Abin da muka gani shi ne ta samu malamar da ta bar ta ta yi kuskure, da uwar da ta ajiye shaida, da uban da ya yi tambaya a bainar jama'a maimakon ya cire ta daga makaranta. A bayanta akwai dubban yara da ke shiga aji huɗu a bana, waɗanda shekarunsu tara ke farawa yanzu. Za mu gabatar da waɗannan shawarwari a taron reshe mai zuwa, muna kuma roƙon kowane wakili ya zo da littafin ɗalibi guda, tsoho da sabo, mu duba tare. Allah Ya ba mu haƙurin aikin, Ya kuma sanya albarka a hannun 'ya'yanmu.